Yadda Za Ka Gina Shafin Intanet Mai Firam Ba Ka Cire wa Alhaji Hula Ba

Ɗan'uwa mai karatu, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da ni. Sunana Mu'tasim, amma daga Gwadabawa har bakin kasuwar Jimeta Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo, ina kuma da difloma ta kwamfuta da na yi a wani bene wanda yanzu katifu ake sayarwa a cikinsa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka gina shafin intanet mai firam, wato shafin da aka yanka gida-gida, kowane yanki da abin da yake nunawa. Za a san ka a unguwa, a san shugabanka a jiha baki ɗaya. Babu ko shakka a ciki, don a kaina aka gwada.

Za ka ji yaran jami'a suna cewa firam ya mutu tun kafin a yaye su. Kada ka kula su. Ba su taɓa yi wa dattijo aiki ba.

Mataki na 1: Samo babba, sannan ka samo mai buƙata

Shafi mai firam ba ya tsayuwa sai da mutum biyu: wanda zai cika shi, da wanda aka yi shi dominsa. Kada ka ɗauka mutum ɗaya ne.

Ni nawa sun zo mini ne a shekarar gudun Mubi, lokacin da mutane suka shigo Jimeta ƙafafu a kumbure, kowane gida a layinmu ya karɓi rabonsa. Aka kafa kwamitin unguwa na kula da baƙi, aka ba Alhaji Hamajoɗa shugabanci, saboda shi ne mai babban zaure da kujerun roba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, bappan matata Ummu Salma, wato ɗan'uwan mahaifinta. Mutumin kirki ne, ya ciyar da mutanen da ko sunansu bai sani ba, kuma yana so a san ya ciyar. Shi ya ce kwamiti yana buƙatar shafi a intanet, ya kuma nuna ni ya ce ga surukinsa nan injiniya ne. Idan aka faɗi haka a kanka a gaban jama'a, sunkuyar da kai kamar mai kunya, kada ka musa.

Mai buƙatar kuwa Malama Fibi ce, maƙwabciyarmu, malamar firamare, mutuniyar wajen Numan. Ƙaninta Nicodemus yana aiki a wani shagon magani a Mubi ranar da gari ya watse. Wasu sun ce sun gan shi a hanyar duwatsu ta wajen Kamaru, daga nan labarinsa ya yanke. Ta je tasha, ta zaga sansanonin gudun hijira, ta kai sunansa gidan rediyo. A ƙarshe ta kawo mini hotonsa a naɗe cikin hankici.

"Injiniya, an ce duk duniya yana ganin wannan abu," in ji ta. "Ka sa Niko a ciki. Ko mutum ɗaya ne ya gan shi, ya ishe ni."

Ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama. Wannan jimlar ita ce rabin sana'armu.

Mataki na 2: Zaɓi edita wanda ya girme ka a hankali

Kana buƙatar edita, wato manhajar da ake rubuta HTML a cikinta, harshen da shafukan intanet suke ji. Kada ka sauko da sabo. Sabon edita tambaya ta yi masa yawa, kuma yana ja wa mutum jan layi a ƙarƙashin kuskurensa a gaban kwastoma. Ni nawa a cikin laftof ɗina na tarar da shi, ita kuma laftof ɗin ta hannu ce, ta daɗe a duniya kafin ta san ni.

Editan kirki fuska biyu gare shi. A ta farko kana jan abubuwa da linzamin kwamfuta kamar yaro mai zane. A ta biyu rubutun HTML ne zalla, layi kan layi. Idan kai kaɗai ne a shago, zauna a ta farko. Da ka ji ƙarar takalmi a ƙofa, juya ta biyu, ka ƙura mata ido, ka ɗan tsuke baki.

Don neman ilimi, koma ga takardun da aka raba muku a makaranta. Namu kwafi ne na kwafin wani littafi. Akwai babi guda a kan illolin firam, amma injin kwafi ya mayar da shi baƙi ƙirin, malaminmu kuma ya ce abin da bai fito ba ba ya cikin jarrabawa.

Kuma kada ka yi gaggawa. Ni na ɗauki lokacina sosai. Kafin in gama, sauran iyalan da suke neman 'yan'uwansu sun same su ta rediyo da bakin direbobin tasha, sunan Nicodemus kaɗai ya rage. Ka ga aiki ya ragu ke nan.

Mataki na 3: Fara da shafi na kowa-da-kowa, ka sha kunya

Wannan matakin ba a tsallake shi. Gina shafi ɗaya dogo, hoton shugaba a sama, sauran bayani a ƙasa, ka ɗauki laftof ka kai majalisa bayan la'asar.

Haka na yi. Dattawan layi suna zaune a ƙofar Alhaji, Malama Fibi tana tsaye daga gefe da jakar makarantarta. Na buɗe shafi, ga Alhaji cikin babbar riga, hularsa zanna ta zauna daram. Aka yi ta masha Allah. Sai na ja shafin ƙasa don in nuna Nicodemus. Ka san idan ka ja ƙasa, abin da ke sama tafiya yake yi. Hula ce ta fara shigewa, goshi ya bi ta, gemu ya rufa musu baya.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Koma."

Na koma, hula ta dawo.

"Sake."

Na sake, hula ta tafi.

"Mu'tasim, tun ranar da babanka ya shigo gidan nan neman maka aure, ka taɓa ganin an cire mini hula a gaban mutane?"

"A'a, Bappa."

"To yau kai ka cire. Ka tura ni sama na ɓace, ka kawo yaro ya zauna a wurina."

Dattawa suka girgiza kai. A layinmu ko a hoton biki ba a ɗora yaro a saman babba, balle a taɓa masa hula.

"Baba, ai hoto ne kawai," in ji Malama Fibi a hankali.

"Hotona ne, Malama," in ji shi. Da ya ga idonta, sai muryarsa ta sauko. "Za a sa ɗan'uwanki, wallahi za a sa. Amma kowa a wurinsa."

Idan ka zo nan, ɗaga yatsa ka ce akwai magani, sunansa firam. Faɗe shi da nauyi, kamar sunan allura.

Mataki na 4: Yanka shafin

Ba ka buƙatar dogon bayani idan ka zauna a Jimeta a wannan shekarar. Ka tuna yadda aka ɗaura igiya a falo aka rataya zannuwa, ɗaki ɗaya ya koma uku, nan mata, can yara, can tsoho da rediyonsa? To aikin ke nan.

Buɗe sabon fayil a edita. Wannan fayil shi ne uban gida: ba ya ɗauke da hoto ko labari, aikinsa kawai ya faɗi inda za a ɗaura igiya. Rubuta frameset. Idan a kwance za ka yanka, ƙara rows. Idan a tsaye ne, cols. Kowane yanki ka haɗa shi da nasa fayil daban.

Yankin sama na shugaba ne. Ba shi kusan rabin fuskar kwamfuta, don hula tana son sarari. A gefen sunan fayil ɗinsa rubuta scrolling="no". Wannan ita ce ƙusar da ke riƙe hula: ko duniya za ta ja shafin ƙasa, Alhaji ba zai motsa ba.

Yankin hagu kada ka yi gaggawar cika shi, masu shi za su zo da ƙafarsu. Ni mataimakin shugaba ne ya fara zuwa, ya ce ya ji an kafe Alhaji, shi ma a kafe shi. Ma'aji ya biyo baya. Sakatare ya aiko hotonsa na ranar da ya dawo daga Hajji. Don adalci aka ƙara limamin layi da faston cocin bayan makaranta, su biyun ba su ma nema ba. Duk ka jera su, babba a sama.

Yankin ƙasa siriri ne, na lambar waya. Alhaji ya ce duk kira ya bi ta hannun kwamiti, don haka tawa aka sa, tunda ni ne injiniyan kwamiti.

Yankin tsakiya ba sai ka auna shi ba. Sa alamar tauraro kawai. A harshen HTML, tauraro yana nufin abin da ya rage bayan kowa ya ɗiba. Nan ne wurin Nicodemus. A laftof ya kai tafin hannu. A waya kuwa ban duba ba, kuma ina ba ka shawara kai ma kada ka duba.

Mataki na 5: Manta da target sau ɗaya

Kowane maɓalli da ke yankin hagu sai ka gaya masa ɗakin da zai buɗe abinsa, da kalmar target. Idan ka manta, a inda yake tsaye zai buɗe.

Ni na manta a maɓallin komawa shafin farko. Da aka danna, sai shafin gaba ɗaya ya sake buɗewa a cikin yankin hagu: ga babban Alhaji a sama, ga ƙaramin Alhaji a gefe. Aka sake dannawa, wani ƙarami ya fito a cikin ƙaramin. Alhaji ya matso da tabarau, ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko abin yana da iyaka. Na ce a ilimance babu. Ya ce a bar shi haka.

Darasin shi ne, kada ka gyara kuskure kafin ka nuna wa mai gida.

Mataki na 6: Rubuta kowane abu sau ɗaya tak

Yanzu buɗe fayil ɗin tsakiya. Sa hoton wanda ya ɓata, rubuta cikakken sunansa da garin da aka gan shi na ƙarshe. A ƙarƙashi ka rubuta, da Hausa da Turanci: "Duk wanda ya gan shi, ya kira lambar da ke ƙasa."

Malama Fibi tana zaune a bencin kwastoma lokacin da na rubuta. Ta leƙo.

"Ba za ka sa lamba kusa da hoton ba, Injiniya?"

A irin wannan lokaci ake gane ƙwararre. Juyo da kujera, ka haɗa yatsu. Na ce mata, "Malama, ai amfanin firam ke nan. Lamba tana ɗakinta a ƙasa, kullum a buɗe. Mu a wannan fanni ba ma maimaita abu."

Ta ce to, na fi ta sani.

Sauran wurin ka cika shi da ado. Ni na sa wa kowane fayil ɗan akwatin ƙirga baƙi, irin wanda ke nuna tutar ƙasar duk wanda ya leƙo. Ba don komai na sa ba sai don yana da launi. Daga nan ka ɗora fayilolin a intanet, ka je gida ka gaya wa matarka ta riƙa yi maka magana da ladabi.

Mataki na 7: Bari a yaɗa adireshin

Ga wata baiwa ta firam da ba kowa ya sani ba, ni ma daga baya na sani. Duk ɗakin da ka shiga a cikin shafin, adireshin da ke can sama ba ya canzawa. Kullum na uban gida ne. Kuma shafinmu idan ya buɗe, jawabin maraba na shugaba ne ke fara fitowa a tsakiya, sai ka danna maɓalli kafin ka ga Nicodemus.

Malama Fibi ta danna, ta ga ƙaninta, ta kwafi adireshin, ta tura wa matan zumunta na cocinsu, da malaman makarantarsu, da duk wanda take da lambarsa. Ta haɗa da saƙo: ɗan'uwanta ne, ya ɓata tun gudun Mubi, don Allah a taimaka a yaɗa. Mutanen garin nan kuwa a wannan shekarar ba a roƙonsu irin wannan abu sau biyu. Saƙo ya kai Girei, ya kai Numan, ya kai Ganye.

Duk wanda ya buɗe a wayarsa, abu biyu yake gani sosai: fuskar Alhaji Hamajoɗa ta cika gilashi, da lambata a ƙasa.

Mataki na 8: Amsa waya da fara'a

Wayarka za ta fara ƙara. Amsa kowane kira, ka yi godiya.

An gan shi a masallacin Juma'a. An gan shi yana cinikin rago. Wata mata ta ce ta gan shi a cikin mota yana cin gyaɗa, da alama masu garkuwar suna kula da shi. Wani dattijo daga Damare ya ce bai gan shi ba, amma sun sa shi a addu'a, kuma ya tambaya yadda aka yi Malama Fibi take da ɗan'uwa Alhaji. Na ce masa Adamawa ce.

Ranar kasuwa abin ya kai inda zai kai. Alhaji ya shiga layin masu kayan waya neman caja, sai wani ɗan kasuwa mai suna Sammy ya dube shi, ya dubi wayarsa, ya zagayo ya riƙe masa hannu gam.

"Baba, no fear, wahala ya ƙare. Sista naka yana nemanka."

"Wace sista? Sake ni."

"Haka suke yi, kai ya juya," in ji Sammy ga mutanen da suka taru. "Abeg a kawo masa kujera da ruwa."

Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwan leda, wata mai abinci ta zubo masa shinkafa kyauta. Ni aka kira in zo in karɓe shi. A hanyar gida ya haɗe rai, yana gaba ina binsa, na riga na fara tunanin ko yau zai ce in mayar masa da Ummu Salma. Sai da muka shigo layi ya yi gyaran murya.

"Wai har Ganye aka ce?"

"Har Ganye, Bappa."

"Hm," in ji shi, ya gyara zaman rigarsa.

Kada dariyar unguwa ta dame ka. Abu ɗaya ne zai dame ka, kuma ba ni da dabararsa: Malama Fibi ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Duk kiran da ya shigo tana wurin, sai ta miƙe tsaye, ta jira in gama godiya, ta koma ta zauna. Na gyara shafin yadda Nicodemus zai fara fitowa a tsakiya, amma a lokacin mutane sun riga sun gama yaɗawa, sun koma harkokinsu.

Mataki na 9: Yi alfahari da tutar waje

Damina ta shigo, kira ya ɗauke. Malama Fibi ta mayar da shagona wurin tsayawa duk Lahadi bayan coci. Zuwa take yi in buɗe mata shafin ta kalli hoton.

Wata Lahadi na nuna mata abin da nake ta nuna wa kowa. A akwatin ƙirga baƙi na fayil ɗin Nicodemus, ban da tutarmu, akwai wata mai kore da ja da rawaya, da tauraro a tsakiya. Kamaru. Lambar da ke gefenta kuma tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kusan duk mako. Na ce mata ta gani, mun shiga ƙasashen waje.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce in nuna mata akwatin da ke ƙarƙashin hoton Alhaji. Na nuna. Tutar Najeriya ce kaɗai.

"Injiniya, ni ban san kwamfuta ba. Amma yaya mutum zai shiga ɗakin ciki, bai bi ta zaure ba?"

Idan aka yi maka irin wannan tambaya, ce abin yana da zurfi. Na ce yana da zurfi. Ta ce in rubuta sunan Niko a wurin bincike, kamar yadda baƙo zai yi. Na rubuta, na danna abin da ya fito.

Fayil ɗin tsakiya ne ya buɗe shi kaɗai. Babu Alhaji, babu 'yan kwamiti, babu siririn yankin ƙasa. Ashe mai bincike ba ya bi ta uban gida, kai tsaye ake kai shi ɗakin da sunan yake. Farin shafi ne, da hoton Nicodemus, da sunansa, da jimlata: duk wanda ya gan shi, ya kira lambar da ke ƙasa. A ƙarƙashinta akwatin tutoci ne, daga shi sai fili.

Malama Fibi ta sa yatsa a kan tutar.

"Wani yana can yana dubawa," in ji ta. "Tun yaushe?"

Na duba. Tun kafin ruwan farko ne. Tsoro da kunya suka kama ni lokaci guda, har na rasa wanda ya fi.

Mataki na 10: Maimaita abu

Na san na ce maka ba ma maimaita abu a wannan fanni. Akwai ranar da ake yi.

Buɗe edita, je ƙarƙashin hoton, rubuta lambar mai buƙata da manyan baƙaƙe, ka sa lambar ƙasarmu a gabanta don na waje. Layi ɗaya ne. Ruwan shayi bai isa tafasa ba za ka gama. Kada ka nemi izinin kwamiti.

Sauran aikin jira ne, kuma shi edita ba shi da maɓallinsa. Lahadi ta zo, lambar da ke gefen tuta ba ta motsa ba. Wata Lahadin ta zo, haka. Malama Fibi ta ce ƙila mutumin ya gaji. Ba ni ta kalla ba da ta faɗa, bango ta kalla, kuma da ni ta kalla da ya fi mini sauƙi.

Mataki na 11: Idan an yi filashin, nemi mai Fillanci

Wata Lahadi da rana, gero ya riga ya nuna a gonakin bakin kogi, na buɗe shafin na ga lambar ta ƙaru da ɗaya. Ban gama buɗe baki ba wayar Malama Fibi ta yi ƙara sau ɗaya a cikin jaka, ta yanke. Filashin ne, daga lambar da ba irin tamu ba.

Ta miƙo mini wayar. "Ka kira mini."

Na kira. Mace ce ta ɗauka, ta fara da Faransanci, da ta ji shiru ta juya Fillanci, da sauri kamar mai tsoron layi zai yanke. Fillancina na sayen nono ne. Na Malama Fibi bai wuce gaisuwa ba. Muka dubi juna, muka fita da gudu, ita da takalmin coci a hannu.

Alhaji yana ƙofar gida a kan tabarma. Na ɗora masa waya a kunne ban ko yi sallama ba. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ji muryar, ya fasa. Ya saurara, ya yi tambaya, ya sake saurara. Malama Fibi ta durƙusa a bakin tabarmar.

"Yana da rai, 'yata," in ji shi.

Sauran ya fassara mana guntu-guntu. Matar ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Garwa a Kamaru. Makiyaya ne suka kawo musu shi da rauni a ka. Ya warke, yana ci, yana share musu tsakar gida, amma magana ta yi masa wuya, kuma bai iya faɗin inda ya fito ba. Katin aikinsa kawai ke aljihunsa. Ƙauyen babu sabis, sai ranar da ta shiga gari take rubuta sunan a waya. Ta ga hoton tun tuni. Duk zuwa sai ta sake buɗewa, ta ja ƙasa, ko lambar wayar ta fito.

Matar ta ƙara wata magana, muryarta ta ɗan hau. Alhaji ya ɗago ya dube ni.

"Ta ce wane ne ya rubuta a duba ƙasa, bai sa komai a ƙasan ba."

Kafin in buɗe baki, Alhaji ya mayar da waya kunne ya ce, "Min on." Wannan kam ko mai Fillancin nono ya san shi. Cewa ya yi shi ne. Ya bi da "useko, useko", yana yi mata godiya, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Ashe ran nan tare da Nicodemus matar ta shigo gari, don a duba masa ido. Aka ji motsi a wayar. Alhaji ya miƙa wa Malama Fibi. Ta ce "Niko", ta ci gaba da yarensu, wanda babu mai ji a cikinmu. Can sai wata murya ta fito a hankali, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi, ta kira sunanta.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. Idan aka tsare shugabanka a kasuwa aka ba shi shinkafa, tsakaninku ne. Idan matarka ta koma kiranka da sunan yanka, ko yaran jami'a suka buɗe shafinka don su yi nishaɗi, kada ka zo shagona. Idan wani yana can wata ƙasa yana jan farin shafi da yatsa damina guda, ban san ka ba, ban taɓa koya maka komai ba.

Haka kuma marubucin ba shi da hannu a alherin da ya biyo baya. Motar Alhaji ce ta je ta ɗauko Nicodemus, shi da kansa a gaba yana yi musu tafinta a kan iyaka. Wasu a layi har yau suna cewa shafina ne ya samo shi. Kada ka yarda da su.

Ranar da suka dawo, Malama Fibi ta tsaya da shi a ƙofar shagona. Ya rame, hoton da na sa ya fi shi kumatu nesa ba kusa ba.

"Niko, gaishe da Injiniya," in ji ta. "Shi ne ya sa ka a intanet."

Ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe yana neman kalmar, sannan ya ce ya gode. Idan ka bi matakan nan har aka yi maka irin wannan godiya, kai ka san yadda za ka yi da ita. Ni dai tsayawa na yi ina kallon ƙasa har ya sake ni.